Kwaɗon da Aka Sa wa Shagon Kaka

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu mai cetonmu. Sunana Rahila, 'yar Mama Lami nas. Ni ce mai zama kusa da ƙofar kicin duk Juma'ar da muka taru a falon nan. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuto.

Kafin mu zo Riyad, Mama ta buɗe wa Kaka ɗan shagon kayan masarufi a garinmu, amma da sunan Mama aka yi rajista. A nan ba a cire haraji daga albashi, sai Mama ta ɗauka ita da haraji sun yi sallama har kwangilarta ta ƙare. Ba ta taɓa sanar da jiharmu cewa ba ta ƙasar ba. Su kuwa a wajensu mai shago ce da ta daina biya. Ga shi duk unguwa an san tana Saudiyya. Sai suka yi mata ƙiyasi mai nauyi, har da albashin da suke zato.

Wata rana Kaka ta kira. Ba ta iya riƙe waya ba, kullum goshinta da silin muke gani. Ranar kam ta saita ta daidai: ƙaton kwaɗo a ƙofar shago.

"Lami, sun ce sai ke," in ji ta. "Ni mece ce na yi musu?"

Daga nan zama ya ƙare a gidanmu. In Mama ta dawo daga dawam, wato aikinta na asibiti, ba ta ko cire takalmi, daga taga zuwa kicin, daga kicin zuwa taga. Ta ɗora tukunya babu ruwa. Ta nemi hutu a asibiti, aka ce babu mai riƙe mata. Kaka kuwa kowace safiya sai ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta je ta zauna a benci gaban rufaffen shago. Na lura haƙoranta sun fara yi wa fuskarta yawa. Ni ma a aji na tauna murfin birona har ya tsage.

Sai Kawu Bitrus, ƙanen Mama, ya kira da dabara.

"Yaya, bar wahalar da kanki. Akwai wani da na sani. Ki turo na goro, gobe ya kawo takardar shaidar biya, har da hatimi."

"Ta gaske?"

"Haba Yaya! Wa zai lasa hatimi ya ji ɗanɗanonsa?"

Mama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Ran Asabar muka tafi unguwar Bata, wurin aika kuɗi, don tura wa Kawu na goron. Muna kan layin mata, Mama tana ta goga babban yatsanta a kan iƙamarta, wato katin izinin zama, kamar akwai dattin da ya ƙi fita. Saura mace ɗaya a gabanmu na ja hannun abayarta.

"Mama, ba mu gaya wa Yesu ba."

"A nan? Rahila, kin san inda muke?"

Amma ta ba ni hannu. Ba mu rufe ido ba, ba mu sunkuyar da kai ba. Muna kallon allon canjin kuɗi, hannuwanmu a haɗe cikin abaya. Kalmomi suka gudu daga kaina. Abin da ya rage kawai shi ne: Ubangiji, tsayar da mu. Na yi ta maimaitawa a zuciya.

"Yalla, yalla!" in ji mai karɓar kuɗi, wato mu yi sauri.

Mama ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Halas," wato ta fasa. Muka fito. Ya Ubangiji! Tafin hannunta sharkaf da gumi.

Kaka ce ta ɗauki waya, muna kan kiran bidiyo, ta kai mu ofishin haraji da kanta. Wata ma'aikaciya ta karɓa.

"Sannu, Hajiya."

"Ba Hajiya ba ce," Kaka ta ce daga gefe. "Lami ce, allura take yi."

Matar ta yi dariya, Mama ma ta yi, karo na farko tun da abin ya fara. Mama ta faɗi gaskiya duka, ba ta rage ba. Aka nemi hoton fasfo da iƙama da takardar kwangila. Bayan jira mai tsawo aka janye ƙiyasin, aka bar harajin shago da tarar jinkiri.

Ba kyauta aka yi mana ba. Kuɗin tikitinmu na Kirsimeti ne ya tafi, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Amma an cire kwaɗon! Shekaranjiya Kaka ta kira tana faɗa, wai maƙwabciyarta ta kwashe mata masu sayen sukari, sai ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Muryarta har kicin. Mama ta saurara, ta saurara, barci ya ɗauke ta a kan kujera da rana tsaka, baki buɗe.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar da ko leɓena bai motsa ba. Iyayena masu kwangila, don Allah ku tambayi jiharku tun kafin ta tambaye ku. In kuma tsoro ya kai ku kan layi, ku dogara gare shi, yana iya fitar da mutum ko saura taku ɗaya.

Ku taya ni cewa Halleluya. A hankali dai, saboda maƙwabta.