Aikin Hutu Na Oda

A benen Tianxiu, kasuwar da fatakenmu ke saro kaya a ƙasar waje, bakin wani shagon buga takardu, wani Bakano da wata mutuniyar Maraɗi suna jiran mai shagon ya miƙo musu aikinsu.

"Hajiya, ke ma rasit kika kawo bugu?"

"Ina fa, Alhaji. Aikin hutun ɗiyata ne. Makaranta ta tara mu iyaye, wai za a buɗe ajin da 'yan sakandare za su fara karatun jami'a. Wanda bai kawo rubutu shafi goma bayan hutu ba, babu shi a ajin."

"Haka aka ce wa Saifullahina, yaron da ko jerin kaya bai iya rubutawa ba! Na ce garin da ake ƙera jirgin ruwa, rubutu ne zai gagara? Na ba laoban, mai shagon nan, odar rubutun."

"Ni ma shi na ba. Ya rantse mini orijina ne, babu irinsa."

"Mu ga naki. Innalillahi! Irin nawa ne sak, har hoton mataccen kifin da ke ciki iri ɗaya! Waye malaminta?"

"Wani dogo mai sanƙo."

"Shi ne namu."

"Na shiga uku! Korar su za a yi!"

"Kwantar da hankalinki, Hajiya, shekarata goma sha biyu a harkar kwafin kaya. Laoban! Bar nata yadda yake, nawa ka canza masa kala."