Itacen da Zarto Ba Ya Ci

Auta: Yaya, wai da gaske itace yana zama dutse?

Yaya: Ke Auta, kin bugo waya ko sallama babu?

Auta: Au, yi haƙuri. Salamu alaikum, ina wuni?

Yaya: Amin wa alaikumus salam. Lafiya lau, ya gidan? Ya maigidan naki?

Auta: Lafiya ƙalau. Ya yara? Ya jikin Inna?

Yaya: Da sauƙi, tana ta cigiyarki. To wace tambaya ce wannan kamar ta masu tatsuniya?

Auta: Ba tawa ba ce. Jiya na ji wan maigidana yana yi wa Baba ita, har da dariya.

Yaya: Surukin naki kafinta? Ba ya ajiye aiki ba?

Auta: Ya ajiye. Yanzu kyamara gare shi, mai dogon baki. Duwatsu yake ɗauka hoto, kusa-kusa, kamar zai shige cikinsu. Duk teburin shagonsa na tsakar gida duwatsu ne.

Yaya: Ikon Allah! Tsufa kenan. Wasu carbi, shi tsakuwa.

Auta: Kar ki ce haka, Yaya, ba ki gani ba ne. Akwai wani guntu, wallahi kya rantse itacen girki ne, har ɓawo gare shi. Na zo shara zan ɗaga, ya ƙi ɗaguwa. Ga sanyi kamar ƙasan randa.

Yaya: To miye abin rawar murya a ciki?

Auta: 'Ya'yansa sun ce hannunsa ya fara rawa. Ranar da ya kasa riƙe kyamarar, za su kwashe shagon su mai da Baba gidan babban ɗan, can saman bene. Ya ce in aka raba shi da shagon nan an gama da shi. Shi ya sa duk sati suke zuwa duba hotunan, su ga ko sun fito tas.

Yaya: Suna fitowa?

Auta: Tas. To shekaranjiya na kai masa shayi, na durƙusa daga bakin ƙofa yadda na saba, sai ya ce, "'Yata, shigo."

Yaya: Ke? Ke da ko tarinsa kika ji sai ki ja mayafi?

Auta: Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce idonsa na gani, yatsun ne suka ƙi. Ya ɗora kyamarar a kan wani katako mai ƙafa uku da ya sassaƙa da kansa, ya saita ta kan guntun nan, ya ce in leƙa, in murɗa zoben bakinta a hankali, in riƙe numfashi. Da farko hazo kawai. Sai abu ya buɗe. Yaya, gari guda ne a ciki! Layi-layi ja da ruwan zuma, da ƙananan ramuka cike da wani abu mai ƙyalli kamar gishiri. Ya ce nan ne hanyar da ruwa yake bi lokacin yana bishiya, tun ba a haifi kakan kakan kowa ba. Ya ce shekara arba'in yana yanka itace, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba sai da ya samu wanda zarto ba ya ci. Na danna. Hoton da suka yi ta yabawa jiya, ni na ɗauka. Ya ce in na ga dama in faɗa musu, haƙƙina ne, ba zai sa ni ƙarya ba. Ni kuwa tun ranar ko tsakuwar bakin ƙofa ba na iya takawa ban duba ba. Yaya? Kina jina?

Yaya: Alo? Alo! Yauwa, kin dawo. Layin nan ya ɗauke tun daga inda ya ce ki leƙa. Me kika gani?

Auta: Ba ki ji komai ba?

Yaya: Ko kalma. Maimaita da sauri, katinki zai ƙare.

Auta: A'a... dutse ne kawai, mai kyau.

Yaya: Shi ne kika kira ni kina haki? To hannun nasa fa?

Auta: Hotunansa suna fitowa tas. Ki gaida Inna, ga shi can yana kira a kawo shayi.