Jan Ƙyalle a Kan Gora

A tashar motar Damagaram, shekarar samun 'yancin kai, wani dattijo marar ƙafafu yana kishingiɗe cikin keken da ake tuƙawa da hannu, yana ɗaura masa doguwar gora. Wani direban kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ya tsaya kusa da shi.

"Baba, wannan gorar fa?"

"Tuta zan sa mata, don ku na sama ku riƙa ganina. Kekena ƙasa-ƙasa yake."

"Ina za ka?"

"Garin Dogo. Ɗiyata Rahila ta haihu."

"Har Dogo a haka? Shigo kamyo in kai ka."

"Na gode, amma da hannuna zan je. Jikana ba zai fara ganina ana sauke ni kamar buhun gyaɗa ba."

Direban ya dubi farin ƙyallen da ke cinyar dattijon.

"To, ba fari ba. In rana ta take, ba ma ganinsa. Ungo wannan jan, da shi nake ɗaure wuyana. Ka ƙara wa gorar tsawo, ta wuce hancin mota."

"Allah ya saka."

"Wa ya ƙera maka keken?"

"Wani maƙeri a Birni. Kai mai ƙafafu me za ka yi da shi?"

"Don wana ne. Tun da ya dawo daga yaƙi a gurgunce bai leƙa ƙofar gida ba."

"Kada ka saya tukuna, ba zai hau ba. In na dawo, nuna mini gidan. Sai ya ga na shigo da kaina."