Hadiza Ta Ƙi Yin Famfara

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Hadiza ce, mai ɗinki a Dutse Alhaji. Don Allah ki karanta wannan yau, hankalina ya ƙi kwanciya.

'Yata Hadiza shekararta goma sha biyu, amma har yanzu ba ta yi famfara ba. 'Yan ajinsu suna tsokanarta, har ta daina dariya cikin mutane.

Na kai ta wurin likitan haƙori, aka ɗauki hoton bakinta. Likitan ya nuna min hoton. Haƙora ne cunkushe a cikin ƙashi, wani kan wani, sun rasa hanyar fitowa. Ya ce, "Hadiza, turo kafaɗunki gaba." Sai ga su sun kusa haɗuwa a ƙirjinta. Ya ce lalura ce da ba kasafai ake ganinta ba, kuma ana gadonta. Yarinyar nan ta ce, "Ai Babana ma yana iya yi."

Likita ya ce sai an yi mata aiki a buɗe wa haƙoran hanya. Maigidana ya ce a'a. Wai, "Ni da na girma haka, me ya same ni?" Alhali ko tsire ba ya iya taunawa.

Kullum Hadiza tana tambayata, "Mama, yaushe za mu koma?" Masu sauraro, duk wanda aka taɓa yi wa ɗansa wannan aiki, ya taimaka ya kira. Babanta yana shago, kuma rediyonsa a kunne yake.