Tsohon da Ya Tafi Jana'iza

A tashar Kadugli, wata matashiya da wata dattijuwa suna zaune kan buhunan dawa, suna jiran mota.

"'Yata, duk wannan jar dawar ta tuwo ce?" in ji dattijuwar.

"Ta giyar marisa ce, Inna. Da, in na dafa giya, ko kare sai ya sunsuna ya wuce. Gayyarmu ta farko, 'yan kaɗan suka zo, su ma kunyar mijina suka ji."

"Yanzu fa?"

"Na daina gaggawa. Ina barin ƙullun ya yi tsami sosai, in soya shi har ya yi duhu kamar gahawa, sannan in zuba tsiro. Bana gonarmu ta cika da maza, har da wani tsoho mai giɓi daga bayan dutse. Tukunya ta ƙare, ya roƙi dusar!"

"Mai yin tari kafin ya yi magana?"

"Shi fa! Kin san shi?"

"Mijina ne, Tiya sunansa. Ranar nake tawa gayyar, ya ce zai je jana'iza."

"Wayyo, Inna, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Matso kusa. Duhun nan, kamar gahawar da ta ƙone ko wadda ta kusa ƙonewa?"