Na Ɓoye Sunana, Na Kusa Rasa Ɗiyata

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai yashe ni ba ko da na yashe shi.

Sunana Rifkatu. Ban yi lakkwal, wato makarantar boko, ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Fasto ya ce in tashi in faɗa, to ga ni.

Ni ƴar gudun hijira ce, daga Najeriya na zo. Ƴan bindiga suka shigo garinmu ranar kasuwa, suka kashe maigidana Iliya a gindin rumbu. Na gudu da ɗiyata Ladi, shekararta takwas. A cikin daji aka sake buɗe wuta, mutane suka watse, hannunta ya kuɓuce mini. Na yi ta kira har muryata ta dushe. Ban gan ta ba.

Da ƙafa na iso Madarumfa. Wani manomi, Malam Isaka, ya buɗe mini ɗaki a gidansa. Matarsa Inna Halima ta ba ni fura da zane. Ba su tambaye ni komai ba.

Da aka ce baƙi su je biro, wato ofishin ƴan gudun hijira, a rubuta su, na shiga layi. Na duba gaba, na duba baya, duk mata da hijabi. Na ce a raina, in suka ji Rifkatu za su mai da ni inda na fito. Da mai rubutu ya ce, "Sunanki?" sai na ce, "Hadiza." Na dangwala yatsa, aka ba ni takarda.

Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Ni na yi musun Ubangijina don tsoro. Damina biyu ina amsa Hadiza, ina tsayawa bayan mata ina kwaikwayon salla. Wannan majami'a ina wuce ta da kaina sunkuye.

Wata rana aka liƙa hotuna a bangon biro, na yaran da aka tsinta ba iyaye. Na je ne kawai don ana zuwa. Sai ga Ladi! Ta yi tsawo, an aske mata kai, amma ita ce. Wasu mutane ne suka tsince ta, tana hannunsu a wani gari can gaba da Maradi.

Na faɗa cikin biro ina ihu. Shugabar wurin, wata mata da kowa ke kira Madam, ta zaunar da ni. Ta buɗe takardar yarinyar, ta karɓi tawa, ta dubi wannan ta dubi wannan.

Ta ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan ta ce sunan uwarta Rifkatu. Ke kuwa Hadiza ce. Ba ma ba da yaro ga wanda ba nashi ba."

Na tashi na fita.

A bakin rijiya mata sun sha faɗa cewa duk wanda aka kama da ƙarya a takarda, ƙwacewa ake yi, jandarmomi su raka shi iyaka. In na yi shiru, ba Ladi. In na yi magana, a zatona ba Ladi, ba takarda, sai daji.

Washegari da hantsi na ɗauki wanki na tafi bakin tabki. Ban wanke ko ɗaya ba. Na durƙusa cikin laka na ce, "Yesu, ni ce Rifkatu, in ka tuna ni. Na yi ƙarya. Ban da ƙarfi. Ka buɗe bakina." Iyakar addu'ar ke nan. Da na miƙe, na kwashi wankina na koma gida.

Na fara da Inna Halima. Na ce, "Inna, ni Kirista ce."

Ta ci gaba da surfenta. Ta ce, "Ke dai! Tun ranar farko na gane. Wa ke fara alwala da ƙafa? Ɗauko mayafinki, ni zan raka ki biro."

A biro na faɗi komai a tsaye, na miƙa takardar, ina jiran a kira jandarma.

Madam ta ce, "Zauna. Wa ya gaya miki ana korar mutum don addininsa? Dokar ƙasar nan ta hana a mai da wanda ya gudo wa mutuwa, Musulmi ne ko Kirista. Ƙaryar tsoro kika yi, kuma da ƙafarki kika zo gyarawa. Za mu gyara. Amma yarinya sai na tabbatar."

Matar nan ba ta da wasa. Ta tambaye ni sunan uban, sunan garinmu, da wata alama a jikin Ladi. Na ce akwai tabon kunu a hannunta na hagu. Ta aika aka tambayi Ladi ita kaɗai. Sati uku ana bincike. Da farko na ji haushi. Daga baya na gane, da ta ba ni ita ranar farko, da kowace mata ma za ta iya zuwa ta ɗauke mini ɗiya. Wannan taurin nata shi ya tsare Ladi. Allah ya saka mata, ya saka wa waɗanda suka zauna suka tsara wannan doka, mutanen da ba su san ni ba.

Ranar da motar da ta ɗauko ta ta iso, Ladi ta sauko ta tsaya tana kallona. Ba ta rugo ba. Can ta ce, "Mama, ina kika tafi?"

Na ɗauke ta na goya, ƙafafunta har gwiwata.

Halleluya! Ga ta can zaune a layi na biyu.

Na gode wa Ubangiji. Kai da ke ɓoye don tsoro, ka dogara gare shi, ka je ka faɗi gaskiya. Ni na faɗa, aka maido mini ɗiyata. Amin.