Ganyen da Nashiru Ya Zaci Rama Ce

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Guangzhou, Alhaji Maidaji. Limaminmu Malam Shehu, Allah ya ƙara ilimi. Uwarmu shugabar mata, Hajiya Fasuma. Iyayenmu 'yan kasuwa na Kano da Maraɗi da Kumasi. 'Yan'uwana masu lodi a Huangpu, da masu ɗaurin wanduna a Xintang, da masu farautar wayoyi a Tianhe. Da ku na can baya da ƙamshin shinkafa ya kawo ku, duk ina gaishe ku.

Na gode wa shugaba da ya ba ni lasifika, ko da yake na ga hannunsa bai so saki ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ne Ghali. Ni ne na buga wa wani Alhaji waya da muryar Basine na ce kwantenarsa ta faɗa teku, har ya zauna a ƙasa tsakiyar kasuwa. Ni ne na zuba gishiri a shayin kwamiti bara. Karatuna allo ne da tawada, ban taka aji ba. Amma yau ba wasa ya kawo ni ba, kuma duk wanda yake jiran dariya ya ajiye ta, zai buƙace ta wata rana.

Magana ta farko, ga wanda bai ji ba, ko ya ji a karkace. Ɗan'uwanmu Nashiru, mutumin zangon Kumasi, shekara bakwai yana aiki a wani kamfanin lodi a Huangpu. Shi ke ƙirga kwali, shi ke tsayawa kan kwantena har a rufe, shi ke tafinta tsakaninku da masu ɗaga kaya. Sati biyu da suka wuce kamfanin ya yi wa ma'aikata gwajin ƙwaya, kamar yadda yake yi wa duk mai aiki kusa da injin ɗaga kaya. Aka ɗibi fitsari, aka yanki gashi. Sakamako ya fito an ga wiwi a jikin Nashiru. Aka dakatar da shi. Takardar zamansa a ƙasar nan da aikin take ɗaure. In aikin ya tafi, ta tafi; in ta tafi, shi da matarsa Sahada da 'ya'yansu biyu sai jirgi.

Nashiru fa! Mutumin da ko goro ba ya ci, wai yana ɓata haƙori. Mutumin da na taɓa miƙa wa sigarin alewa don tsokana ya yi kwana uku ba ya amsa sallamata.

To, daga ina? Watan jiya kamfani ya aike shi Bankok, ƙasar Tailan, duba wasu kaya. A can an buɗe shagunan sayar da wiwi a fili, da lasisi a bango, da fitila, da rasit, kamar shagon burodi. Ana sa ta a alewa, ana sa ta a biskit, ana sa ta a shayin kwalba. Zafi ya dame shi, ya shiga wani shago kusa da gidan abincin Musulmi, ya buɗe firji, ya ga kwalba da hoton koren ganye mai yatsu. Jama'a, wa ya girma a gidan da ake kwaɗo bai san ganyen rama ba? Ku rufe ido ku tuna shi. Yatsu ne, masu tsini, masu baki kamar zarto. Nashiru ya ce a ransa, ashe mutanen nan ma sun san rama, wataƙila irin zoɓonsu ke nan.

Kuma bai sha da ka ba. Ya yi abin da kowannenmu yake yi tun ranar da ya sauka ƙasar waje. Ya ɗaga kwalba ya ce wa mai shago, “Akwai alade?” Aka ce babu. “Akwai giya?” Aka ce babu. Ya yi bisimilla ya shanye. Ya ce ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba, ya tashi ya ci abincin mutum uku, ya ɗauka gajiyar hanya ce.

Magana ta biyu, kuma ita ce ta kowa. Tambaya biyu muka iya: alade da giya. Da su iyayenmu suka yi fatauci, da su muka zo nan, a kasuwa mu nuna nama mu tambaya, a ce mana meyo, babu, hankalinmu ya kwanta. To, duniya ta ƙaro tambaya ta uku ba ta sanar da mu ba. Abin da ake sayarwa da rasit a wata ƙasa, a nan laifi ne babba. Abin da mai shago ya miƙo maka yana murmushi, shi likitan kamfani zai tsinto a gashinka bayan sati da sati. Injin gwajin nan ba ya tambayar a ina ka sha, ba ya tambayar ka sani ko ba ka sani ba, ba ya tambayar sahu na nawa kake tsayawa a masallaci. Na ga wasu suna shafa kai. Ku bar wanzami ya huta, ba aski na ce ba. Cewa na yi ku iya tambaya, ku koya wa baƙinku masu ratsowa ta can, kuma kada wanda ya kuskura ya sako irin wannan a jaka da sunan tsaraba. Ban zo in wanke wiwi ba. Haramun ce a wurinmu ko an rataya mata lasisi goma. Ban kuma zo in zagi kamfani ba. Wanda ke tsaye ƙarƙashin kwantena yana da haƙƙin sanin cewa na kusa da shi yana cikin hayyacinsa. Sun yi aikinsu.

Mu ne ba mu yi namu ba, kuma wannan ce magana ta uku, wadda ta hana ni cin abinci.

Lawban ɗin Nashiru, maigidansa Basine, ya ce masa, “Shekara bakwai ban ga aibinka ba. Kawo rasit, kawo wanda ya ga abin da ya faru, kawo takarda daga mutanenka cewa sun san halinka. In sun zo kafin Laraba, zan kai gaban manya in roƙa a saurare ka. Ban yi maka alkawari ba.” Wanda ba ya salla ke nan. Mu masu salla me muka yi? Kwamiti ya zauna ranar Lahadi ya ce kada sunan ƙungiya ya shiga maganar ƙwaya. Aka cire lambarsa daga zauren hirar ƙungiya na waya. Wani ya ce, a kunnena, “Ai 'yan Gana ne, can su gane.” Lokacin da yake kwana biyu a tsaye don kada kwalinka ya jiƙe, ba ɗan Gana ba ne? Lokacin da ya bi maganar gawar wani ɗan'uwanmu ofis ofis har aka samu izinin binnewa, ba ɗan Gana ba ne? Yau ne kuka gano taswira?

Hajiya Fasuma, uwata, ki gafarce ni. Ranar Juma'a Sahada ta kawo waina wurin taron mata, aka bar mata kwanonta a rufe. Wata ta ce, “Wa ya san abin da aka zuba?” Aka yi dariya. Ta ɗauki kwanon ta shiga jirgin ƙasa tana kuka. Ni sana'ata tsokana ce, na san wasa, na san wulaƙanci. Wannan ba wasa ba ne.

Har ni abin ya shafa. Wai Ghali ne ya zuba masa. Ranar da ya sha a Bankok, ina Xintang cikin ƙurar wanduna, mutum ashirin shaida. Kuma ko a allo malaminmu ya koya mana cewa in labari ya zo, a bincika kafin a yanke wa mutum hukunci. Wa ya bincika? Wa ya taka ya tambaye shi?

Ga rasit ɗin a hannuna. Ga hoton kwalbar, a zagaya da shi, duk wanda bai ga rama ba ya ɗaga hannu. Saura shaida. Nashiru ya roƙe ni kada in faɗi suna, ya ce dattijo ne, kada a kunyata shi. Nashiru, ka yafe mini, kunyarka za ta kai ka filin jirgi. Akwai wanda suka haɗu a gidan abincin, suka shiga shagon tare, ya ji tambayoyin nan biyu da kunnensa, har ya ce, “Ɗauko mini ɗaya,” sai ya tuna ciwon sukarinsa ya fasa. Baba Alhaji Dogara, sukari ne kawai tsakaninka da wannan kwalbar. Na san tsoro kake kada a ce kai ma. Tsoron gaskiya ne, ba na raina shi. Amma kai tsoro kake ji, shi gidansa ake kwashewa.

Ranka ya daɗe shugaba, ga takarda Malam Shehu ya rubuta, ba ta ce komai ba sai abin da muka sani: shekara bakwai, ba mu taɓa ganin maye a tare da shi ba. Ba mu ce a karya doka ba, ba mu ce a ɓoye komai ba. Wataƙila ta yi aiki, wataƙila ba ta yi ba. Amma in zai tafi, kada ya tafi da shirunmu.

Baba Dogara, tashi ka yi? Fita za ka yi, ko nan za ka zo? To, ku ba shi hanya. Ku matsar da kujerar nan. Wa ke da biro? Ba wannan ba, wannan nawa ne, ruwa yake fesawa. Shugaba, ara masa naka, in ya gama ka karɓa, layi na biyu naka ne.

Allah ya tsare mu da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya kai kayanku lafiya, ya mai da kowa ga iyalinsa da mutunci. Allah ya sa ranar Laraba a saurari Nashiru da kunnen rahama, ya share wa Sahada hawaye, mu kuma ya yafe mana sati biyun nan.

Masu sa hannu ta dama, shinkafa sai an gama. Na gode.